Keken Lantarki: Kada Babbar Lamba Ta Ruɗe Mu

A zamanin En'e, akawu ko malamin makaranta in ya mallaki keken Raleigh, to, ya gama samun abin hawa. Daga baya babur ya ture keke. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, malamin da ke zaune a Gumel yana koyarwa a Gagarawa ko Sule Tankarkar ya ga albashinsa yana ƙarewa a gidan mai. Shi ya sa hankali ya soma komawa ga keke da babur masu aiki da batir.

To, ga inda mai saye ya kan ruɗe. A jikin batir akwai lamba biyu. Ta fari tana tare da harafin V, watau bolt: 36, 48, 60 ko 72. Ta biyu tana tare da haruffan Ah. Mu ɗauki misalin tankin ruwa: bolt shi ne tsawon hasumiyarsa, Ah kuwa yawan ruwan da ke ciki. Yawan bolt ya kan ƙara gudu da ƙarfin ja, amma nisan tafiya sai an ninka lambobin biyu. Batir mai 48 da 20 ya ba da 960. Mai 72 da 12 ya ba da 864 kaɗai. Ashe ƙaramar lamba tana iya kai mutum nesa fiye da babba.

Wanda hanyarsa kwalta ce, kamar ta Gumel zuwa Maigatari, mai 48 ya ishe shi. Wanda zai keta rairayin ƙauye da kaya ran Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, gara ya nemi mai 60 ko 72. Sai dai ya tuna batirin dalma bolt 12 ne kowane ɗaya, watau mai 72 guda shida ke nan, nauyi kuwa shi ke nutsar da taya cikin yashi. Na litiyam ya fi tsada, amma ya fi sauƙin nauyi, ya fi kuma ƙarko.

Gargaɗinmu shi ne, kada a ba batir caji da cajar da ba tasa ba, ko a bar shi cikin ranar bazara, gama nan gobara ta kan tashi. Mai saye ya yi lissafi tun bai zare kuɗinsa ba. Allah ya sa mu dace, amin.