Ruwa ba ya tsami banza: ina ruwan lagiretonka yake tafiya?

A shirinmu na wannan mako mun taɓa maganar da ke damun duk mai tsohuwar mota da zarar bazara ta kama, wato ƙarewar ruwan lagireto da zafin inji. Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna, don wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana kan hanya.

Ɗan'uwa, ka loda raguna ko buhunan wake a tsohuwar Fijo 504 ko Hilux, kana son ka riski kasuwar Maigatari ranar Alhamis. A watan Afrilu zafin rana kan haura digiri 40. In inji ya buga maka a tsakiyar hanya, ga kuɗin gyara, ga dabbobi a rana babu ruwa, kasuwa kuma ta watse ba ka je ba.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, lafiyayyar mota ba ta shan ruwa kamar yadda take shan mai. Ruwan zagayawa yake yi: ya ɗebo zafi daga inji, ya huce a lagireto, ya koma. In kullum da safe sai ka ƙara, to akwai inda yake fita, kuma ƙofofin uku ne.

Ta farko, ƙasa. Da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji, da safe ka duba inda ya jiƙe. Ka bi tiyo na sama da na ƙasa da hannu, inji na sanyi. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko ya yi laushi, ya gama aiki. Ka duba bakin da aka ɗaure su, da jikin lagireto: inda ka ga fari-fari ko tsatsa, nan ne ruwa ke tsattsafowa ya bushe. Famfon ruwa ma yana da ɗan rami a ƙasansa. In yana ɗiga ta nan ko yana ƙara, ya kusa mutuwa. In kuma ƙasan kujerar gaba ne ke jiƙewa, hita ce ke yoyo.

Ta biyu, sama, wato murfi. Mutane na raina shi, alhali ba toshe baki kawai yake yi ba. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana matse shi har ya kai wajen 120 bai tafasa ba. In robar murfin ta cinye, ruwan zai tafasa da wuri ya fice a tururi, ba ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Kafin ka yarda a kwance maka inji, fara da murfi, shi ya fi komai araha.

Ta uku, ciki, kuma ita ce mai tsada. In gasket ɗin kan inji ya ƙone, ruwa na shiga inda mai ke ci da wuta, ko ya gauraya da baƙin mai. Alamunsa: farin hayaƙi daga salansa wanda ba ya tsayawa ko inji ya ɗau zafi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara a jikin sandar awo, ko ka buɗe murfi da safe, ka tada mota, ka ga kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa. Ka ga ɗaya daga cikinsu? Kada ka yi lodi. Gareji za ka nufa.

To idan ruwa a cike yake amma allura na hawa fa? Ka lura da lokacin da take hawa. In sai kana tsaye ne, misali a layin bakin iyaka, da ka kama gudu ta sauka, to fanka ce: ko fanbel ya saki, ko ta lantarkin ba ta tashi. In kuma a kan gudu ne da kaya, galibi lagireto ne ya toshe. Daga waje ƙura da ƙaiƙayi da ciyawar daji ke cika haƙoransa, sai a wanke a hankali kada su lanƙwashe. Daga ciki kuwa ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa ne ke barin dattin da ke toshe hanyoyi. Shi ya sa ruwan lagireto na gwangwani ya fi, don yana hana tsatsa. Sannan in tiyon sama bai yi zafi ba alhali inji na ci, tamostat ne ya maƙale. Bakanike da yawa cire shi suke yi su yar. Gara a sa sabo.

In abin ya same ka a hanya, ka sauka gefe. Kunna hita har ƙarshe yana ɗan janye zafi kafin ka samu wurin tsayawa. Kashe inji, ɗaga bonet, ka jira aƙalla minti 30. Don Allah kada ka buɗe murfi da zafinsa, tururin na saɓule fatar fuska da hannu. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfe na iya tsagewa. In ya huce, sa tsumma ka murɗa murfin kaɗan-kaɗan, ka tada mota, ka zuba ruwa a hankali.

Masu zuba ƙwai ko garin taba a lagireto, e, yana iya tsayar da yoyo na ɗan lokaci, amma yakan toshe hanyoyin da ke da lafiya. Sabulu da za ka shafa daga waje ya fi sauƙin illa, ya dai kai ka gari ne, ba gyara ba ne.

Kafin kowace tafiya, ka duba ruwa da baƙin mai inji na sanyi, ka riƙe jarka cike da fanbel na ajiya. Kai kuma makiyayi da ke ɗaukar shata, kana da ikon cewa direba ya buɗe bonet ka gani kafin a loda dabbobinka.

Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.