Kwanon Kawa a Fatakwal

A wata unguwa a Fatakwal akwai ɗan gidan abinci mai benci uku da tukunya biyu. Nan muka zauna wata rana da yamma, aka kawo mana teba da miya cike da jatan lande, ƙaguwa, ƙananan dodon koɗi da kawa. Mu mutanen tudu, da fari sai kallon kwanon muke yi. Da muka ɗanɗana kuwa, santi ya kama mu.

Kawa wata halitta ce mai ɓawo biyu. Takan manne a saiwoyin itatuwan da ke tsirowa inda kogi ya gamu da teku, mata su shiga kwalekwale su ɓamɓaro ta sa'ad da ruwa ya janye. Daga ruwa take tace abincinta, saboda haka ƙazantar ruwan takan taru a jikinta. Shi ya sa mai abincin ba ta ba kowa ɗanya.

Amma wuta ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta wanke ɗanyen mai. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto cewa gyaran ƙasar Ogoni, kusa da Fatakwal, bayan malalar mai, zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Inda itatuwan nan suka mutu, kawa ta ƙare, tukunyar irin wannan mace ta huce, kuɗin makarantar 'ya'yanta ya yanke.

Mai karatu, in tafiya ta kai ka can, ka tambayi inda aka samo kawar, ka kuma ci ta da zafinta.