Fatsa a Ruwa Mai Zurfi: Dabarar Kara Mai Zamewa

Mu matasan da muka taso a Ingila mun saba ɗaure ɗan karan nan mai yawo bisa ruwa wuri guda a jikin zare. To amma in zurfin tafki ya kai ƙafa 20, sandarka kuwa ƙafa 13 ce, jifa ba ya yiwuwa. Sau nawa muka koma gida hannu rabbana!

Dabarar ita ce a bar karan yana zamewa, a yi ɗan ƙulli a zaren daidai zurfin ruwan, ƙaramin da zai wuce zoben sanda. Dalma ta nutsar da ƙugiya, karan ya hau ya tsaya a ƙullin.

Kada dai a manta lasisi, don tara takan kai fam 2,500.