Fasaha da Kunya a Waƙoƙin Ingila na Ƙarni na 17

Bayan Sarki Charles na II ya dawo kan karaga a 1660, mawaƙan fada irin su Rochester sun mai da batsa hanyar nuna gwanintar harshe. Roscommon, wanda ya fassara littafin Horace kan fasahar waƙa a 1680, bai yarda da haka ba. A waƙarsa ta 1684 kan fassara ya nuna cewa rashin kunya a baiti alamar ƙarancin hankali ce. Sai dai mawaƙan Rum na dā, waɗanda kowa ke koyi da su, su ma ba kanwar lasa ba ne. Da Dryden ya fassara baitocin Lucretius kan jima'i a 1685, sai da ya kare kansa a gabatarwar littafin, inda ya amsa cewa baitocin sun burge shi.