Ƙarancin jini a gabar Rima: gona na yalwa, tukunya na rama

Daga madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, har fadamun Wurno da Rabah, ana noman shinkafa da albasa da tafarnuwa rani da damina. Amma ma'aikaciyar jinya za ta ja fatar idon mai juna biyu ta ga cikinsa fari fat, tafin hannunta ma haka. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami ƙarancin jini a jikin kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekarun haihuwa, da kashi 68 na yara ƙasa da shekara biyar.

A ɓargo ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kowace takan yi kwana 120 ta mutu, sai an maye gurbinta. Idan babu sinadarin ƙarfe, ƙwayoyin sukan fito ƙanana, kodaɗɗu; idan folik asid ko bitamin B12 ne babu, su fito manya marasa ƙarko. Tuwo da kunu da fura suna cika ciki, amma ƙarfen hatsi da ƙyar hanji ke tsotsarsa, shayi bayan abinci kuma yana ƙara tare shi. Albasa ta tafi kasuwa, hanta da kifi da ƙwai ba su shigo gida ba. Haihuwa kusa da kusa kuwa tana ƙwace ɗan abin da uwa ta tara.

Ruwan da ya kawo arziki shi ya kawo sauro da tsargiya. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, yana kuma danne ɓargo. Sannan ga 'yan bindiga. Sun kore shanu da awaki, sun hana gona, sun sa zuwa awo ya zama kasada. Harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 bai bar zukata ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinkiri. Ana ta haɗa lemon malt da madara da sunan ƙarin jini, har mace ta kai ga haki da kumburin ƙafa, a ɗauke ta zuwa Sakkwato ana neman mai ba da ledar jini. Zubar jinin da mai lafiya za ta jure wajen haihuwa kan iya kashe mai ƙarancin jini.

Ƙwayar ƙarfe da folik asid ta kullum ba ta kai kuɗin mota zuwa Sakkwato ba. Ya kamata gwamnatin jiha ta kai ta kowane ƙauye, magidanta kuma su bar matansu su je awo.