A-KORI-KURA MAI KARKARWA A HANYAR LAMBATA

Jama'a, duk wanda ya saba bin hanyar gida daga Ikko ko Badun ya san Lambata. Idan ka wuce Ilori, ka ƙetare Kwara a Jebba, ka bi ta Mokwa da Bida da Agaie da Lapai, to, a nan ne za ka faɗo kan titin Suleja zuwa Minna, cikin Ƙaramar Hukumar Gurara ta Jihar Neja. Mahaɗa ce ta manyan motoci da tankokin mai, ga kasuwa, ga masu abinci, ga kuma makanikai a bakin titi. A nan ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako.

Na biyo wani ɗan'uwana ne daga Shagamu, ya cika a-kori-kurarsa da huhunan goro za shi Zariya. Motar ta hannu ce ya saya, irin mai giya otomatik, watau wadda ke canja giya da kanta. Shekara biyar yana tara kuɗinta. Tun daga Mokwa muka fara jin abin: da zarar gudu ya kai tsakanin kilomita 50 da 80 a awa, ƙafa kuma ba ta danne totur sosai ba, sai motar ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, ko kamar ta hau titi mai gargada. In ya ƙara wuta sai ta daina, in ya sassauta sai ta dawo.

Makanikin farko da muka tsaya wurinsa a hanya bai ko tayar da motar ba, ya ce giya ta mutu, sai a sauke a sa wata. Kuɗin da ya faɗa ya fi ribar goron duka. Muka lallaɓa har Lambata, inda aka nuna mana wani dattijo. Shi kuwa bai taɓa sifana ba sai da ya shiga motar muka yi tafiya tare.

INDA CUTAR TAKE

Iyayenmu da Peugeot 404 da 504 suka saba, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975. Waɗancan masu kuloci ne na ƙafa. A mota otomatik kuwa, tsakanin inji da giya akwai wani abu mai kama da ƙwarya biyu a kife, makanikai na kiransa kwambata. Cike yake da mai. Ka ɗauki misalin fanka biyu suna fuskantar juna: in ka kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. To haka inji yake juya giya, sai dai da mai maimakon iska.

Amma wannan hanya tana ɓarnar fetur, tana kuma kawo zafi. Saboda haka aka sa wani ɗan kuloci a cikin kwambata, wanda ke kama inji da giya su zama ɗaya idan mota ta miƙe hanya. Kamfanin Packard na Amurka ya yi irinsa tun 1949, Chrysler kuma ya sake fito da shi a 1978 bayan tsadar man fetur, daga nan ya bazu. Idan man giya ya tsufa, ko ya ƙone, ko aka zuba wanda ba nasa ba, sai wannan kuloci ya riƙa kamawa yana suɓucewa sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wannan ita ce karkarwar da direba yake ji a kujera.

Kada kuma a ce sai tsohuwar mota. A Amurka, masu a-kori-kura ƙirar Chevrolet da GMC mai giya 8, na shekarun 2015 zuwa 2019, sun yi ta kukan wannan cuta. Maganin da kamfanin General Motors ya ba dillalansa shi ne a wanke giyar a zuba wani sabon irin mai, domin na farkon yana tsotsar laima.

YADDA AKE GANEWA

Ga abin da dattijon nan ya yi, kowa ma yana iya yi a fili inda babu cunkoso. Da karkarwar ta fara, sai ya ce wa direba kada ya ɗaga ƙafar dama daga totur, amma ya ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, taɓawar da za ta kunna wutar birki kawai. Nan take motar ta yi lif. Dalili kuwa, a yawancin motoci taɓa birki yana sakin wancan kuloci. In karkarwa ta tsaya, to, a kwambata take. In ba ta tsaya ba, a nemi cutar a wani wuri.

Wuraren kuwa sanannu ne. Fulogi ko kwayil da ya gaji yana sa inji tsallen wuta, musamman a kan hawa. Mahaɗin farfela idan ya ci, za ka ji ƙara lokacin da aka sa giya, girgizar kuma tana ƙaruwa da gudu. Tayar da ta kumbura ko ta karkace, a sitiyari ake jinta, ko an taka totur ko ba a taka ba. Akwai kuma robar da inji ke zaune a kai. Mota in ta zamani ce, musamman waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, a sa mata na'urar kwamfuta: lamba P0741 tana nuna kulocin kwambata, P0300 kuwa tsallen wuta ne.

Sa'an nan ya zaro sandar awon man giya ya goga a farar takarda. Lafiyayyen mai ja ne garau. Namu ya koma baƙi-baƙi, yana ƙauri. In ka ga naka ya yi kamar an dama madara a ciki, to, ruwan lagireto ya shiga, kada ka ƙara ko taku ɗaya. Wasu sababbin motocin ba su da sandar awo, sai ta ƙasa ake dubawa.

MAGANI

Ya kwance kaskon giyar ya duba maganaɗisun da ke ciki. Ɗan baƙin laka mai laushi ba kome ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe shi ne mugun labari, domin yana nufin cikin giyar ya fara cin kansa, mai kaɗai ba zai warkar ba. Allah ya taimake mu, laka ce kawai. Ya canja matata, ya zuba sabon mai.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Giyar a-kori-kura tana ɗaukar kusan lita 10, amma in an kwance ƙasa lita 3 ko 4 ne ke fita, saura yana cikin kwambata. Don haka sau uku aka zubar aka sake, ana ɗan zagayawa da motar tsakani. Abu na biyu, kowace giya da irin manta. Toyota tana da T-IV ga tsofaffi, da WS ga na baya-bayan nan. General Motors na da Dexron tun 1967, Ford kuma Mercon. Duk jajaye ne a ido, amma ba ɗaya ba ne. Ka duba littafin motar ko rubutun da ke jikin sandar awo, ka sayi mai a rufaffiyar galan, ka tsaya a buɗe a gabanka. Araha ba ta ado. Mun kwana a Lambata, da hantsi muka kama hanyar Kaduna ta mahaɗar Dikko, har Zariya ba ta sake motsi ba.

In an yi duk wannan karkarwa ba ta tafi ba, sai a duba na'urar lantarkin da ke tura mai zuwa kulocin, daga nan a canja kwambata. Sauke giya ɗungurungum shi ne mataki na ƙarshe, ba na farko ba.

GARGAƊI

Zafi shi ne babban abokin gabar man giya. Yawancin waɗannan motoci kayan kusan tan guda aka yi su su ɗauka, mu kuwa mukan ninka, mu ɗora mutane a sama, mu shiga ramukan hanya da rana tsaka. Mai ɗaukar kaya kullum kada ya wuce kilomita 40,000 zuwa 60,000 bai canja man giya ba. A kan hawa da kaya, a mayar da ita ƙaramar giya. A riƙa duba lagireto, domin shi ne ke sanyaya man.

'Yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku ɗora kayan salla ku nufi gida, ku fita da motar ku saurare ta. Mai niyyar saye kuma ya gwada ta a buɗaɗɗen titi kafin ya biya, domin cikin cunkoson Ikko wannan cuta ba ta nuna kanta. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.