ALTANETA: CIWON DA TSOHUWAR MOTA KE ƁOYE WA DIREBA

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya ya san yadda manyan motoci su kan yi jerin gwano a bakin iyaka, suna jiran 'yan kwastan. Da yawansu tsofaffi ne masu shan gas, irin su Marsandi 911. Cikin watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka rufe iyakar nan, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai watan Maris 2024. To, motar da ta daɗe a tsaye batirinta ya kan mutu, wajen tayar da ita kuwa a kan yi wa altaneta lahani.

Altaneta ita ce na'urar da inji ke juyawa da fambel, tana ba fitilu wuta, tana cika batir. Ita ta gaji danamo. Abin da ke ruɗin direbobi shi ne, tsohon injin gas ba shi da fulogi, in ya tashi ba ya bukatar lantarki. Saboda haka altaneta ta iya mutuwa tun da safe mota na ta gudu, sai da dare fitilu su dushe a tsakiyar daji, ga kayan mutane a baya.

Ga yadda a ke gane ciwon tun da wuri. In an murɗa makulli, jar fitilar batir ta kama, in inji ya tashi ta mutu. In ta ƙi kamawa sam, a duba ƙwan, domin a tsofaffin motoci da yawa ta cikinsa altaneta ke samun wutar farko. Sa'an nan a auna da mita. Motar da ke da batir biyu, watau mai bolt 24, ta kan nuna wajen 25 inji na kashe, wajen 28 in yana aiki. In bai ɗaga ba, ba ta caji. In ya zarce 30, regileta ta lalace, za ta dafa batir.

Sanadin ɓacin ba shi da yawa. Fambel ya kan saki, ya riƙa ƙara, amma in an ɗaure shi ƙwarai ya cinye boris. Ƙurar hunturu da man da ke yoyo su kan toshe kafofin iska, su cinye gawayin ciki. Mafi muni shi ne aikin hannu: haɗa wayar jan wuta a juye, ko yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, ko zare kan batir inji na aiki wai don gwaji. Kowanne cikinsu ya iya ƙone dayod nan take.

Malamai da akawuna, ku da ke karanta jarida, ku gaya wa direbobin garinku: kafin a bar tasha a danna fambel da yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita guda ko kusa da haka, a goge kawunan batir, a riƙe fambel na ajiya. In mota za ta daɗe a tsaye, a cire wayar batir. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.